Kwas ɗin nutso na dala 450: an tsawwala ko hakanan abin yake?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma don Allah a bari in kai aya kahin a yi mani dariya. Ƙanena da ke aiki Jidda ya daɗe shina kwaɗaita mani nutso cikin Bahar Maliya, irin wanda aka goya tukunyar iska ga baya. Yac ce in na taho Umra in ƙara kwana huɗu in yi kwas na matakin farko, mai katin PADI, wato kamfanin da ke ba da shaidar koyon nutso. Nit tuntuɓi wani shago can, sunka ce dala 450. In an buga kan 1,500, naira 675,000 ke nan. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na 70,000 sai ya yi wata tara da ɗoriya bai ci ba bai sha ba. Kuma sai da munka yi nisa da magana sannan sunka ce karatun intanet daban za a biya shi. Kwana huɗu fa! Wanda yas san harkar ga shi gaya muna: hakkinsu na, ko dai baƙo sunka gani?

Shehu Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Alhaji Bello, mu nan tun safe muna jiran ɗan ga-ruwa ya kawo na wanka, kai kana neman wanda za ka nutse ciki da dala. Allah ya ba mu irin matsalarka.

Hajiya Rabi Arkilla:
Shehu ka bar shi ya yi tambayarsa. Ni ma ina son jin amsar.

Nura Alƙahira:
Yaya Bello, na yi wannan kwas ɗin a Dahab, wani gari a bakin Bahar Maliya a Masar, lokacin hutun makaranta, bari in faɗi abin da ke cikinsa tukuna, sai a yi maganar kuɗi.

Kashi uku ne. Akwai karatu, babi biyar da jarrabawa a ƙarshe, yanzu galibi ta intanet ake yi. Akwai horo sau biyar a ruwa mara zurfi, ko a wurin iyo na otal ko a bakin teku inda ruwan ke kwance. Sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen teku, cikin kwana biyu aƙalla. In ka ci, katin ya ba ka damar sauka har mita 18 tare da abokin nutso, kuma ba ya ƙarewa, ba a sabunta shi. Da shi za ka shiga shago a Zanzibar ko Maleshiya su ba ka hayar tukunya. In babu shi, shagon kirki ba zai cika maka iska ba.

Abin da mutane ba su sani ba, PADI ba ta yanke farashin kwas. Ita kayan karatu take sayarwa da rajistar katin, ta kuma shimfiɗa ƙa'idar da malami zai bi. Kowane shago shi ke sa kuɗinsa. Shi ya sa kwas ɗaya, kati ɗaya, amma farashin Dahab daban, na Jidda daban, na Ingila daban. Ni abin da na biya bai kai naka ba, amma Dahab daga bakin gaɓa ake shiga ruwa da ƙafa, babu kuɗin jirgi, kuma shaguna jere suke suna rububin ɗalibai. Don haka 450 a Jidda ba ta ba ni mamaki ba. Inda na ga laifinsu shi ne ɓoye kuɗin karatun sai da ka saki jiki.

Hajiya Rabi Arkilla:
To ni a matsayina na 'yar kasuwa abu biyu na gani. Na farko, Alhaji, ba shagon ne ya yanke ka ba, naira ce. Farkon 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. Da a lokacin ne, wannan 450 ɗin 207,000 za ta kama. Su ba su ƙara ko sisi ba, mu ne kuɗinmu ya zube bayan an saki canji a watan Yunin shekarar. Mu masu sayo kaya Jidda da Dubai mun sha wannan dukan har mun saba.

Amma na biyun ban yarda da Nura ba tukuna. Ɗalibi nawa malami ɗaya ke ɗauka?

Nura Alƙahira:
A teku ƙa'idar ta yarda har takwas ga malami ɗaya, Hajiya, in ruwan yana da kyau.

Hajiya Rabi Arkilla:
Yauwa. Takwas sau 450, dala 3,600 ke nan a kwana huɗu. Ruwan tekun ba su suka haƙa ba, iskar kuma ta Allah ce. Wane shago ne a Tsohuwar Kasuwa ke yin wannan cinikin da haja irin wannan? A gaya mini wa ke cin kuɗin.

Injiniya Sani Fatakwal:
Hajiya, ranki ya daɗe, iskar ta Allah ce, amma shigar da ita tukunya ba kyauta ba ne. Ni aikina gyaran injuna ne a wani kamfani da ke tura masu nutso ƙarƙashin ruwa, kullum ina tare da kayan nan.

Tukunyar da za a goya wa Alhaji Bello lita 11 zuwa 12 ce, ana danna mata iska har matsin ya kai wajen bar 200, bar shi ne ma'aunin matsin iska. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, ki auna da kanki. Kwamfuresar mai faci ba ta yin wannan aikin, kuma ko ta iya ba za a shaƙi iskarta ba. Ta masu nutso tana da matatai da ke cire mai da danshi, ana canza su bisa awannin da injin ya yi aiki, man da ake zuba mata ma na musamman ne, duk da kuɗin waje ake sayo su. Bututun da ke jawo iska dole a kai shi nesa da salansa, a kuma duba ta ina iska ke kaɗawa. In hayaƙin inji ya shiga tukunya, gubar nan ce da ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki, ba ta wari, a ƙasan ruwa kuma ta fi saurin kayar da mutum. Na taɓa buɗe wata tukunya da aka cika a wani wuri mai araha, na ɗan saki iskar a farin hankici, sai ga tabon mai. Muka zubar da iskar tukwanen gaba ɗaya.

Ita tukunyar kanta ana leƙa cikinta kowace shekara, sannan bayan 'yan shekaru a gwada ƙarfinta da matsin ruwa a buga kwanan wata a wuyanta. Ragiletar da kake sa wa a baki ana kwance ta a canza robobin ciki. Ga falmaran mai hura iska, ga rigar roba da gishiri da rana ke cinyewa, ga ɗamarar dalma, ga man jirgi da direbansa, ga iskar oksijin ta gaggawa da dole ta kasance a jirgi, ga hayar shago a bakin teku, ga inshora. Shi malamin kowace shekara sai ya biya kuɗin sabunta lasisinsa. Kuma takwas ɗin da kika lissafa iyaka ce, ba kullum ake samun su ba. Sau da yawa uku ne ko huɗu, jirgin kuwa man da zai sha ɗaya ne.

In kina neman wanda ya fi kowa shan wahala ya fi kowa samun kaɗan a lissafin nan, malamin ne.

Hajiya Rabi Arkilla:
Na ji, Injiniya, kuma na rage rabin zargina. Rabin da ya rage: duk wannan lissafin sun san shi tun kafin Alhaji ya kira su. Me ya hana su haɗa shi wuri ɗaya su ce kaza ne? Ni in mace ta tambaye ni leshi ba na ce mata kaza, sai ta ɗauko kuɗi in ce af, gwaggwaron daban ne.

Baffa Isa Kanwuri:
Maganar Rabi tana kan hanya. Abin da munka ji ga malamai, ciniki ba shi tsabta sai mai saye ya san haja ya san kuɗi tun kahin a ƙulla. Tsada ba haram ta ba in an bayyana, kowa da aljihunai. Ja-ni-in-ja-ka ɗin ga na ƙarin nan da ƙarin can shi na abin ƙi.

Malam Garba Goronyo:
Ni dai ina ta karatu ina mamaki. Basarke ni ke, uwa da uba. Kakanninmu sun yi nutso gulbin Rima da gulbin Kabi tun ba a san wani abu wai shi kati ba. Ku tai Argungu ku ga Kabanci, ku ga yadda yaro ka nutsewa shi daɗe har ka ce ya tahi ke nan, sai shi hito da kihi ga hannu. Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yaz ziyarci Argungu aka bukin kamun kihin ga, wa yat taɓa tambayar wani satifiket ga gulbin Matan Fada? Ni mahaihina yak koya mani, da gora da homa, ko kwabo ban biya ba. Yanzu a ce mutum shi ba da dubu ɗari shida don a koya mai shiga ruwa? Alhaji Bello, ka taho Goronyo.

Shehu Runjin Sambo:
Sarkin Ruwa ya yi magana, a rufe taro.

Dakta Hadiza Gawon Nama:
Malam Garba, Allah ya ƙara girma. Babu mai raina gwanintar Sarkawa, amma abu biyu ne daban, kuma bambancin na iya kashe mutum, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ku numfashi ɗaya kuke ja a sama ku sauka da shi. In kun yi ƙasa ruwa ya matse huhun, in kun hau ya koma yadda yake. Iskar da ta shiga ita ce ta fito, ba ƙari. Mai tukunya kuwa a can ƙasan yake shaƙa. A mita 10 matsin da ke kansa ya ninka na sama sau biyu, saboda haka ragileta tana ba shi iska mai wannan matsin don huhunsa ya iya buɗewa. In ya cika ƙirji a nan, ya riƙe numfashi ya yi sama, iskar za ta kumbura har ta ninka biyu, huhu kuwa ba shi da wurin da zai sa ta. Sai ya yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi ba, a ruwan da bai wuce tsayin ɗaki ba ma yana faruwa.

Ka ga abin da ya sa nake jin tsoro: abin da jikinka ya ƙware a kai tun kana yaro, wato riƙe numfashi, shi ne abu na farko da ake hana mai tukunya. In aka ba gwanin Kabanci tukunya ba horo, ranar da wani abu ya firgita shi a ƙasa jikinsa zai yi abin da ya saba, ya toshe numfashi ya harba sama.

Na biyu, iskar tukunyar ba oksijin zalla ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce, kusan kashi 79 cikin 100 naitirojin. A ƙarƙashin matsi tana narkewa ta shiga jini da tsoka. In an hau da gaggawa sai ta fito kumfa-kumfa a gaɓoɓi da laka, mutum na iya shanyewa. Don haka ake koyar da hawa a hankali, da tsayawa minti uku a mita biyar, da lissafin minti nawa za ka yi a wane zurfi. Alhaji Bello, wannan ya shafe ka kai tsaye: bayan nutso da yawa ana so ka yi awa 18 aƙalla kafin ka hau jirgin sama. Kar ka gama kwas da la'asar ka nufi filin jirgi da isha'i.

Akwai kuma takardar lafiya da za ka cike. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai sikila, sai likita ya duba ya sa hannu ko ya hana. In shago bai ba ka wannan takardar ba, ko kyauta ne kar ka shiga.

Malam Garba Goronyo:
Dakta, wagga magana ta huhu ban san ta ba, kuma na ɗauka. Amma ki ba ni amsar wanga. Da jirgi yak kihe da mutane Shagari cikin 2022, da wanda yak kihe da 'yan kasuwa kan hanyar kasuwar Goronyo watan Agustan 2025, su wa sunka shiga ruwa neman mutane? Mu na. Da gajeren wando, ba tabarau ba tukunya. Ruwan ja wur, ko tahin hannunka ba ka gani, da ƙahwa da hannu kaka lalube, ga itace ga tsohuwar koma tana kama ka. Ina masu katin? In kwas ɗin ga na da amfani awa yadda kuka hwaɗi, mi ya hana mu gan su ranar?

Injiniya Sani Fatakwal:
Malam Garba, a nan gaskiya tana wurinka, kuma zan ƙara maka. Katin da Alhaji Bello ke magana na yawon buɗe ido ne. An tsara shi don ruwa garai-garai, inda kake hango abokinka, ba igiyar ruwa mai ƙarfi. Wanda ya yi kwana huɗu a Bahar Maliya in ka jefa shi Rima da damina, gawa ka ƙara wa masu nema. Nutson bincike a ruwa mai laka horo ne daban: ana ɗaura wa mutum igiya, wani na riƙe da ita a sama suna magana da fizga, ana share wuri layi-layi da hannu, wani kuma na zaune a shirye da kayansa ko da na ƙasan ya maƙale. In da gwamnati za ta kashe kuɗi, irinku ya kamata a ɗauka a ba wannan horon da kayan, tunda kun riga kun san gulbin.

Dakta Hadiza Gawon Nama:
Kuma a faɗi mai ɗacin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce 'yan mintuna ba iska. Kafin mai nutso ya zo daga ko'ina, aikin ya tashi daga ceto ya koma neman gawa. Abin da ke hana mutuwar rigar ruwa ce a jikin kowane fasinja, da hana lodin da ya wuce kima, da hana tafiyar dare. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta sha faɗin haka. Amma mun kauce daga tambayar Alhaji.

Mubarak Minanata:
Don Allah manyana in ɗan tsoma baki. Ni abin da nake so in sani, in mutum ya daure ya biya kuɗin nan, zai samu aiki a kamfanin mai? An ce masu walda a ƙarƙashin ruwa da dala ake biyan su.

Injiniya Sani Fatakwal:
A'a ƙanena, kar ka sayar da babur ɗinka. Wannan katin ba ya ba ka aikin komai. Masu aikin mai galibi ba ma da tukunyar baya suke sauka ba, kwalkwali ne mai bututu da ke kawo iska daga sama, da waya suna magana da mai kula da su. Horon watanni ne, kuɗinsa ya ninka wannan sau da yawa. In da gaske kake, ka bincika Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun kusa da Warri, suna da ɓangaren nutso. Ka fara iya walda a tudu tukuna.

Aminu Kwannawa:
Ni duk na ji bayanin kwamfuresa da huhu, ban musa ba. Amma kar a mai da mu yara. Harkar nan kasuwanci ce aka gina mata matakala. Ka gama na farko a ce mita 18 ce iyakarka, in kana son 30 sai ka sake biya. Ka gama wannan a ce ga na ceto, ga na dare, ga na ɗaukar hoto, ga na shiga tsohon jirgin da ya nutse, kowanne da katinsa da kuɗinsa. PADI kamfani ne, tun 1966 aka kafa shi a Amurka, ba ƙungiyar agaji ba ce. Lokacin da nake karatu a Ingila na ga wani tsarin. BSAC, ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya wadda ta girmi PADI, tun 1953, kulob-kulob ne. Ka biya kuɗin zama mamba, tsofaffin hannu su koya maka da yamma bayan an tashi aiki, ba a biyan su. Yana ɗaukar makonni ko watanni, amma kana fitowa da abokan nutso da kayan aro. Wannan ya nuna ilimin kansa ba dole ne ya yi tsada haka ba. Saurin ake sayar muku.

Nura Alƙahira:
Malam Aminu, ai ka ba da amsar da bakinka. Saurin ake saya. Yaya Bello ba shi da kulob a Mabera, ba shi da wata shida a Jidda, kwana huɗu gare shi. Wanda zai bar komai ya tsaya a kansa kwana huɗun nan dole a biya shi. Kuma ba PADI kaɗai ba ce, akwai SSI, akwai NAUI, akwai CMAS, shaguna suna karɓar katin juna a matakin farko. In wani ya fi sauƙi ya ɗauka.

Maganar matakala kuma, rabi da rabi. Wasu katunan ni ma ina ganin ado ne. Amma tsakanin 18 da 30 akwai bambanci na gaske: iska na ƙarewa da sauri, lokacin zama ya ragu sosai, naitirojin kuma na iya sa kai ya yi nauyi kamar mai maye.

Aminu Kwannawa:
To me ya sa a tsibirin Koh Tao na Tailan ake yin kwas ɗin nan da araha har duniya ta san su da haka? Huhun can daban ne?

Nura Alƙahira:
Yawa ne. Ɗalibai ba sa yankewa, jirgi kullum cike, wuraren nutson na kusa, rayuwa da sauƙi. Ban ce duk mai araha mugu ne ba. Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. Akwai darasin da za ka durƙusa a kan yashi a ƙasan ruwa, ka cire tabarau gaba ɗaya, ka ci gaba da numfashi ta baki, ka mayar da shi, ka ɗaga kai ka fyace iska ta hanci har ruwan ya fita. Da ruwan gishirin ya daki hancina sai da na ji duk duniya ba abin da nake so sai sama. Malamata ta riƙe falmarana da hannu ɗaya, ta kafe ni da ido, ta yi mini alamar in numfasa a hankali. Muka yi ta maimaitawa har abin ya daina ba ni tsoro. Mu uku ne a wurinta.

Gefenmu akwai wani rukunin na wani shago, sun cika takwas. Kowa ya yi sau ɗaya, malamin ya tafa masa, na gaba. Wata yarinya a cikinsu ta fito tana tari tana kuka, washegari na gan ta an ɗauke ta hoto da takardar gamawa. Kati ɗaya muka karɓa da ita. Ni abin da na ɗauka ana biya shi ne lokacin da malami zai ɓata a kanka ranar da ka tsorata, kuma ba a rubuta wannan a tallar farashi.

Aminu Kwannawa:
Ka ga kuwa matsalar ke nan. In kati ɗaya ake ba ku, mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ya saya sai ya shiga ruwa. Mai tsadar ma zai iya cusa mutum takwas. Tsada ba shaida ba ce.

Nura Alƙahira:
Wannan kam na yarda. Sai dai a tambaya a rubuce.

Hajiya Rabi Arkilla:
To ku haɗa wa Alhaji tambayoyin mana, ku bar jan zance. Ni ma ina da tawa: 'yata ta ga hotunan nan ta hana ni sakat. Ana samun mace ta koyar?

Nura Alƙahira:
Ana samu Hajiya, a Masar da Jidda duka, ki nema tun kafin a biya. Rigar robar tana rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, akwai kuma hular da ke rufe kai. Daga shekara 10 ake karɓar yara, da ƙaramin kati har su kai 15.

Yaya Bello, ka tura musu saƙo ka ce su rubuto jimillar kuɗi da karatu da rajistar kati da hayar kaya da jirgi a ciki. Ka tambayi mutum nawa ne a rukuninka. Ka tambaya in ka kasa wani darasi kana buƙatar ƙarin rana, nawa ne, in kuma kunne ya hana ka sauka me za su mayar maka. In ba ka tabbata abin zai yi maka ba, akwai na ɗanɗano na yini ɗaya, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12, ba kati, kuɗinsa kaɗan ne. Sannan ka rage gashin baki ta ƙarƙashin hanci, in ba haka ba tabarau zai yi ta shan ruwa.

Shehu Runjin Sambo:
Dala 450 da gashin baki. Alhaji, asarar ta yi yawa.

Injiniya Sani Fatakwal:
In ka isa shagon ka ce a nuna maka ɗakin kwamfuresa, ka duba kwanan watan da ke wuyan tukunya. Wanda ya ji haushin tambayar ka gode masa ka fita.

Dakta Hadiza Gawon Nama:
Wai duk cikinmu ba wanda ya tambaya: Alhaji Bello, ka iya iyo? Kafin a ba ka katin sai ka yi mita 200 ba tsayawa, ko 300 da tabarau da takalman iyo, sannan ka yi minti 10 kana yawo a saman ruwa mai zurfi ba ka riƙe komai ba.

Bello Mabera:
Dakta, rabona da ruwan da yaw wuce gwiwa tun ambaliyar 2010, sadda gadar jami'a tak karye munka riƙa ƙetarawa da kwalekwale. Shi ma ina zaune tsakiya na, ina riƙe da rigar wani.

Malam Garba Goronyo:
To ashe nan anka zo. Duk dalolin ga ba su aiki sai an biyo ta wurinmu. Alhaji ka taho, akwai wuri bayan gari mai yashi, ruwan iya ƙirji. Sati biyu in ba ka yi mita ɗari biyu ba a canza mani suna.

Dakta Hadiza Gawon Nama:
Ni da za ka ji shawarata wurin iyo na otal za ka nema a nan cikin gari. Ruwan gefen dam akwai tsargiya. In kuma ka nace sai Goronyo, ka zo a gwada fitsarinka bayan wata biyu.

Malam Garba Goronyo:
Otal ɗin ma ina zuwa, Dakta, in ya biya kuɗin mota. Koyarwa dubu talatin, kuɗin ƙohwar otal nashi na.

Aminu Kwannawa:
Malam Garba! Ba kai ne ka ce mahaifinka ya koya maka ko kwabo ba ka biya ba?

Malam Garba Goronyo:
Shekara nawa niy yi ina yi mai ɗaukar homa da gyaran koma? In Alhaji na iya wannan, shi ma kyauta na.

Bello Mabera:
Sha biyar, Sarkin Ruwa, kuma da abincin rana.

Hajiya Rabi Arkilla:
Kar ka sallama ƙasa da ashirin da biyar, Malam Garba. Kuma Alhaji, ka sa ya rubuta maka ko gorar tana cikin kuɗin.